Yadda Aka Kori Eladio Bahago

Har yau a garin nan akwai mutanen da in suka hango Eladio Montás tafe sai su tsallaka titi, wai farar ƙafa gare shi. Ni Nereida, wadda ake kira Doña Nere, wato Uwargida Nere, da na shekara goma sha tara ina dafa wa 'yan wasan ƙungiyar Balbelu abinci, a gaban idona aka ƙera wannan ƙaryar, kuma duk ranar da na tuna sai abinci ya fita raina.

A unguwar masu saran rake aka haife shi, bayan kamfanin sukari. Ubansa da adda ya tashi, da ita ya tsufa. Eladio da hagu yake komai, shi ya sa in ban da matarsa Fidelina babu mai kiran sa da sunan yanka, kowa Bahago. Yana ɗan shekara sha bakwai wani Ba'amurke ya gan shi yana jifa a filin makaranta, ya tafi da shi. Shekara uku ya yi a ƙananan ƙungiyoyin besbol na can, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, yau wannan ƙauye gobe wancan, sai jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Aka sallamo shi da jaka ɗaya da tabon ɗinki.

Da hannun ya warke sai Balbelu suka ɗauke shi mai jifan atisaye. Mai jifa na cikin wasa, burinsa ya hana mai sanda taɓa ƙwallo. Shi kuwa Bahago aikinsa ya ajiye wa mutum ƙwallo daidai inda zai ji daɗin bugun ta, don hannunsa ya saki kafin a fara wasa. Kullum ƙarfe uku na rana, tun ba a buɗe wa 'yan kallo ƙofa ba, yana tsaye a bayan raga, bokitin ƙwallaye a gefensa. Ya jefa ɗari da hamsin, wata rana ɗari biyu. Shekara ashirin da shida yana wannan. Sau uku muka ci kofi a zamaninsa, kuma in kin duba hotunan da ke rataye a ofis ba za ki ga fuskarsa ba ko a gefe, don duk lokacin ɗaukar hoto shi ake bari da gadin kayan 'yan wasa.

Ya san wanda yake son ƙwallo a sama da wanda yake son ta a gwiwa. Daga yadda yaro ya riƙe sanda yake gane ko ya yi barci jiya, ko kuwa da faɗa ya baro gida. Hannun nan nasa na hagu ya daina miƙewa tun tuni, ko taje kansa ba ya iya yi da shi. Bayan atisaye sai ya shigo kicin ɗina, in fasa masa ƙanƙara a tawul, ya ɗaure gwiwar, ya zauna a kan buhun shinkafa yana shan kofi baƙi. Ba shi da yawan magana. Ni ke surutuna, shi yana gyaɗa kai.

To, shekarar da nake ba da labari, kakar wasa ta buɗe tsakiyar Oktoba kamar kullum, sai sandunanmu suka mutu murus. Wasa goma sha biyu na farko, tara aka ci mu. Ba masu jifanmu ba ne matsalar, su kam sun yi nasu. Masu bugu ne, mutum ya fito da ƙirji a buɗe, ya kai wa iska duka sau uku, ya koma benci yana duban sandarsa kamar ita ta ci amanarsa. Wanda abin ya fi kamawa shi ne Dionis Carela, tauraronmu, wanda ya dawo daga babbar gasar Amurka aka tarye shi da ganguna a bakin gari. Sau arba'in da ɗaya ya tsaya bugu, biyu kacal ya samu.

Sai hauka ta fara. Wani ya daina wanke safarsa. Wani ya aske gemun da ya shekara uku yana tarawa. Ranar Lahadi aka kwashi sanduna a buhu aka kai coci, Fada ya yayyafa musu ruwa mai tsarki. Har ni sai da abin ya shafa: mai horar da su, Plinio, ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Mama Nere, don Allah a daina sa yalo a miya."

"Yalo kuma? Me ya yi?"

"Yaran sun ce tun da aka fara shi..."

"Bara ma da yalon kuka je wasan ƙarshe. Fita ka ba ni wuri."

Bahago yana kan buhunsa yana murmushi. Da Plinio ya fita na ce masa, kai da ka san su ciki da bai, me ke damun su?

"Babu komai, Doña Nere. Oktoba ce. Rabinsu sun yi wata guda ba su taɓa sanda ba, suna bakin teku suna cin kifi. Rabin kuma sun gaji, tun Fabrairu suke wasa. Ki bari Nuwamba ta kama."

"Har Dionis?"

Ya kurɓi kofinsa.

Washegari da hantsi, ina gyaran wake, Bahago ya shigo da Dionis, ya tura ƙofa. Ya ce in ba shi ƙanƙara. Na zaci tasa ce, sai na ga ya kama hannun yaron na hagu ya janye ƙyallen da ke wuyan hannun. Wurin ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi.

"Tun ranar farko na gani," in ji Bahago. "Duk wadda na sa maka ta kusa da jiki sai ka saki sanda kafin lokaci. Me ya same ka?"

Dionis ya dube ni. Bahago ya ce, "Wannan ta san abin da ya fi haka, ba ta taɓa faɗa ba. Yi magana."

Ashe daga kan babur ya faɗo, kwana huɗu kafin a buɗe kaka, a hanyar gonar ƙanin ubansa. Kuma a takardar da ya sa wa hannu da ƙungiyarsa ta Amurka an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba shi ba hawa babur. In labari ya kai can, za su iya yaga takardar.

"Kawu, ka rufa mini asiri," ya ce, hawaye a idonsa, ƙaton mutum da ya kusa taɓa rufin kicin ɗina. "Mutum ashirin ke ci daga hannun nan. Don girman Allah. Mama Nere, ke ma."

Bahago ya matsa ƙashin nan da can, ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, mako biyu zuwa uku in an lallaɓa shi. Ya ce, "Daga yau zan riƙa sa maka ita nesa da jiki, a hankali, kai kuma kar ka yi ƙarfi, taɓawa kawai. Ka nemi dalilin da za ka huta kwana uku. Ni ban ga komai ba." Ya juyo gare ni. "Ke fa?"

Na ce ni wake nake gyarawa.

Haka aka yi. Amma akwai wanda yake kallo. Injiniya Aurelio Veras, surukin mai ƙungiya, wanda aka ba shugabancin harkar wasa a shekarar don ya auri 'yar gida. Mutum ne da bai taɓa tsayawa gaban ƙwallo ba a rayuwarsa, amma yana da na'urar auna gudun jifa mai kama da bindiga, kuma duk inda ya je tana hannunsa. Surukinsa na kiran sa a waya safe da yamma, 'yan jarida sun tasa shi gaba, yana neman wanda zai nuna wa yatsa. Plinio ba ya taɓuwa, takardarsa ta shekara uku ce. 'Yan wasa kuwa su ne hajar. Sai ya tsaya a bayan ragar atisaye kwana biyu yana auna jifan Bahago.

Rana ta uku ina tuya na ji a rediyo. Akwai wani mai shirin wasanni na tsakar rana da duk gari ke kira Aku, in ya fara ba ya numfashi.

"Jama'a, mun gano ciwon! Majiya mai ƙarfi daga cikin gida ta shaida mana cewa wani tsoho ne ke lallaɓo wa yaranmu ƙwallo kamar mai ba jariri koko. Da rana a ba ka koko, da yamma a harbo maka harsashi, ta ina za ka buga? Carela, ɗanmu, zinarenmu, an mayar da shi ɗan makaranta! A fitar da tsohon nan, a kai shi gida ya yi jinyar hannunsa!"

Man gyaɗa ya fantsar mini a hannu ban ji ba.

Da la'asar ɗin nan, 'yan kallon da suka shigo da wuri suka jeru a bakin shingen waya. "Bahago, kawo kokon!" "Kaka, a je a kwanta!" Wani ya jefe shi da ɓawon lemo. Waɗannan fa mutanen da ya sha miƙa wa 'ya'yansu tsofaffin ƙwallaye ta ramin wayar nan ne. Bai ko waiwaya ba. Ya gama bokitinsa, ya sunkuya ya tsince ɓawon don kada ɗan wasa ya zame, ya shigo.

Na ce, "Ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji."

"To?"

"To me? Kwana goma ya rage hannun yaron ya warke."

Ba su ba shi kwana goman ba. Aka sake cin mu sau biyu, ranar Alhamis kuwa Injiniya ya shigo ɗakin cin abinci ana tsakiyar cin shinkafa da wake da kaza. Bai kira Bahago ofis ba, kamar yadda ake yi wa mai mutunci. A gaban yara talatin ya tsaya, takarda a hannu.

"Montás. Ga lissafin jifanka. Ga kowa kana yin gudun mil sittin da biyar a awa, ga Carela hamsin da biyu. Kuma ko ɗaya ba ka sa masa kusa da jiki ba, alhali nan abokan hamayya ke kashe shi. Me ya sa?"

Bahago ya ajiye cokalinsa.

"Haka na ga ya dace, Injiniya."

"Haka ka ga ya dace. Kai ne mai horarwa?"

"A'a."

"Shi ya roƙe ka?"

Na dubi Dionis. Yana zaune tebur na biyu, ya sunkuyar da kai, yana juya ƙashin kaza a faranti kamar an ba shi aikin ƙirga shinkafa. Kalma ɗaya kawai ake nema daga bakinsa. Ba sai ya ambaci babur ba. Ya ce e, ni na ce ya yi haka, shi ke nan, wa zai tuhumi Carela? Na tsaya da ludayi a hannu ina jira. Bakina ya buɗe da kansa, sai Bahago ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, na haɗiye.

"Bai roƙe ni ba," ya ce.

"Wato hannun ne ya ƙare."

"In ka ce haka."

"To, mun gode da hidima. Ka bar katin shigarka a wurin mai gadi."

Shekara ashirin da shida, a tsakanin loma da loma. Plinio, wanda Bahago ya yi wa jifa tun yana ɗan wasa, ya dubi silin. Babu wanda ya tashi. Bahago ya ɗauki farantinsa ya kawo mini har wurin wanke-wanke, ya ce, "Kazar ta yi daɗi." Ya je ya kwaso safar hannunsa ta fata da takalmansa. A bakin ƙofa mai gadi ya ce masa hular ma ta ƙungiya ce. Ya cire ya ba shi, ya fita cikin ranar nan da kai a buɗe.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ranar Asabar, kwana biyu bayan korar, muka ci wasa da maki goma sha huɗu da uku. Nuwamba ta kama, kamar yadda ya faɗa. Hannayen da suka yi tsatsa suka saki. Dionis ya ce mura ta kama shi, ya huta kwana uku, ya ƙara lallaɓawa na mako guda, sannan ya dawo ya aika ƙwallo bayan katanga, bugun da ya fi kowane daraja, sau biyu a wasa ɗaya. Cikin wasa goma sha ɗaya muka ci tara. Da Bahago yana nan haka za a yi, da an kori mai sharar fili ma haka za a yi, da ni aka kora da yalona haka za a yi. Amma je ki gaya wa mutanen gari.

Aku ya yi mako guda yana rawa a rediyo. "Ba na faɗa ba? An cire ƙaya, ƙafa ta taka!" Injiniya ya fito a jarida da na'urarsa a hannu, wai mai hangen nesa. Daga maganar koko aka koma maganar farar ƙafa. Aka tono cewa shekarar da Bahago ya fara aiki an sha kashi. Ba wanda ya tono kofuna ukun. Mai sayar da tikitin caca a kusurwar layinsu ya roƙe shi ya daina tsayawa kusa da teburinsa. A shagon unguwa, in ana kallon wasa ya shigo sayen gishiri, sai wani ya ce, "Kai, jama'a, a rufe talabijin har ya fita," a bushe da dariya. Fidelina ta daina zuwa kasuwar safe, sai ta yamma da ba kowa.

Na tare Dionis wata rana a bayan kicin, ya zo neman ruwan kwakwa.

"Babu," na ce.

"Ga shi can ina gani, Mama."

"Na masu baki ne. Kai ai ba ka da shi."

Ya tsaya yana murza hula. "Me kike so in yi? In na yi magana yanzu sai a tambayi dalili."

"Ranar da ake tambaya a gabanka fa? Kazar ce ta shaƙe ka?"

Dionis ya aika wa Bahago ƙatuwar talabijin da akuya. Fidelina ta sa direban ya mayar da talabijin ɗin. Akuyar ta tsinke igiya ta shiga gonar rake, ba a sake ganin ta ba.

A Janairu, ana saura kwana huɗu wasannin ƙarshe, sandar Dionis ta sake yin sanyi. Sabon mai jifan da aka kawo matashi ne mai ƙarfi, yana harba ƙwallo don ya burge Injiniya, bai san inda kowa ke so ba. Fidelina ce ta ba ni labarin. Da sassafe mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gidansu. Dionis ya fito, ya tsaya a tsakar gida kamar mai jiran hukunci.

"Kawu, na rasa dabarar bugun. Ban san inda take ba."

Fidelina ta ce ta ɗauko tsintsiya za ta kore shi. Mijinta ya shiga ɗaki, ya fito da safar hannunsa. Suka tafi wani tsohon fili a bayan kamfanin sukari inda shanu ke kiwo, don kada wani ya ga tauraron gari tare da mai farar ƙafa. Kwana huɗu yana masa jifa a ɓoye. A wasannin ƙarshe Dionis ya zama gwarzo, muka ɗauki kofi, aka zagaya gari da shi a kan motar kashe gobara. Aka miƙa masa lasifika ya gode wa Allah, ya gode wa uwarsa, ya gode wa Injiniya Veras.

Na je gidan Bahago na zazzage masa. Na ce kai wane irin mutum ne, an tofa maka yawu ka miƙa ɗayan kuncin? Yana zaune a baranda yana gyaran koma, don a lokacin ya fara taya ƙanin matarsa aikin kamun kifi.

"Kafaɗarsa yake buɗewa da wuri," ya ce. "Jifa ashirin ya isa a gyara. In bar shi haka ina kallo?"

"E! Ka bar shi!"

"Ba zan iya ba, Doña Nere."

Shekara biyar na riƙe maganar. Da Dionis ya yi ritaya ya koma Amurka da zama, na ce yanzu ba wanda zai cutu. Na sa rigar zuwa coci, na hau mota har gidan rediyo, na jira Aku ya fito daga shirinsa. Na gaya masa komai, babur, ƙanƙara, filin shanu. Ya saurara yana cin gyaɗa.

"Wane Bahago kuma? A'a, tsohon nan! Yana raye? Doña, wannan ai tsohon zance ne. Kuma Carela zai zo bikin karramawa a Disamba, ni zan gabatar da shi. Kina so in ce ya yi ƙarya saboda mai jifan atisaye?"

Bai faɗa a rediyo ba. Amma ya faɗa a mashaya, don dariya, maganar ta zaga ta isa kunnen Bahago a gurguje, wai mai dafa abinci na yawo tana ɓata sunan Carela. Ya zo har gidana, karo na farko da na ga ransa a ɓace.

"Na ce miki ki faɗa?"

"Don kai na yi."

"Yaron ya ce a rufa masa asiri, muka ce to. Bai ce na shekara biyar ba."

Ya juya ya tafi. Wata huɗu bai yi mini magana ba. In mun haɗu a coci sai ya gaishe ni da kai kamar baƙuwa. Wanda ya zalunce shi ya yafe masa tun a tsakar gida, ni da na tsaya masa ni ce na sha fushi. Na ce wa Fidelina ta gaya masa ba zan ba da haƙuri ba, ko zai shekara.

Ranar Juma'ar Ista na dafa waken zaƙi da madara da dankali, tukunya guda, kamar kowane gida. Wajen azahar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da kifi biyu a leda. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa, na zuba masa kwano ɗaya, ya shanye, na ƙara masa. Da ya gama ya goge baki, ya ce sukari ya yi yawa.